Arzikin da Teku Ya Bari: Fosfet ɗin Sakkwato da Manufar Gwamnati Kan Ma'adinai

Ƙofar Kware ɗaya ce daga cikin ƙofofin ganuwar da ta kewaye birnin Sakkwato tun zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ganuwar ta daɗe da zubewa, amma sunan ƙofar yana nan, haka ita ma hanyar da ta fita ta nan ta nufi arewa. Hanyar ta ƙetare fadamar gulbi, ta bi ta Kware da Gwadabawa har Illela, ta shiga Jamhuriyar Nijar ta Birnin Ƙonni, sannan ta miƙe zuwa Tawa. Da zarar damina ta kawo jiki, ta wannan hanya motoci kan ɗauki buhunan takin zamani zuwa kasuwannin ƙauye. Ɗaya daga cikin manyan sinadaran da ke cikin waɗannan buhuna, wato fosfet, yawancinsa daga ƙasar Maroko yake fitowa. A jirgin ruwa ake kawo shi bakin teku a kudancin Nijeriya, kana a loda shi a mota ya yi tafiyar da ta haura kilomita 1,000 kafin ya iso hannun manomi.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, ƙasar da wannan hanya ta ratsa, tun daga Kware har Tawa, akwai fosfet kwance a cikinta. Masana duwatsu sun san da zamansa shekaru da dama. To, me ya sa ake sayo abin da ake takawa? Amsar wannan tambaya ta haɗa ilimin halittu da ilimin duwatsu da kuma manufar gwamnati a wuri ɗaya.

Wane ne muhimmin ma'adini?

Ba tsada ce ke sa gwamnati ta kira ma'adini muhimmi ba. Da haka ne, da lu'ulu'u ne kan gaba. Sharuɗɗa biyu ake dubawa. Na farko, ya kasance rayuwar jama'a ko masana'antu ko tsaron ƙasa ba su yiwuwa sai da shi, kuma ba shi da madadi na kusa. Na biyu, ya kasance ana iya wayar gari a rasa shi, domin ƙasashe kaɗan ne ke haƙo shi ko tace shi, kuma yaƙi ko rikicin siyasa na iya toshe hanyarsa. Alal misali, kimanin kashi 70 cikin 100 na kobal ɗin da duniya ke haƙowa don yin batir daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, yayin da ƙasar Sin ta riƙe mafi yawan aikin tace ma'adinai da dama da ake sa wa a wayar hannu da kwamfuta da injin jirgin sama. A 2023 Sin ta sa takunkumi kan fitar da galiyam da jamaniyam, nan take masana'antun Turai da Amurka suka shiga taitayinsu.

Saboda haka manyan ƙasashe suke rubuta jerin irin waɗannan ma'adinai, suna sabunta shi lokaci-lokaci. Tarayyar Turai ta shigar da dutsen fosfet cikin nata jerin tun 2014. A 2024 kuma ta kafa doka mai ƙunshe da ma'adinai 34, ta ware 17 daga ciki ta ce kafin 2030 tana son ta riƙa haƙo kashi 10 na bukatarta a gida, ta tace kashi 40, ta samo kashi 25 daga tsofaffin kayan da aka zubar, sannan kada ta dogara ga ƙasa ɗaya a kan abin da ya wuce kashi 65. Amurka ta fitar da jerin ma'adinai 50 a 2022, ta ƙara shi zuwa 60 a 2025, kuma fosfet da fotash suna cikin waɗanda aka ƙara.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Tun 1856 majalisar Amurka ta yi dokar da ta ba 'yan ƙasarta ikon mallake duk tsibirin da ba kowa a kansa, muddin akwai tarin kashin tsuntsayen teku a wurin, domin a lokacin shi ne taki mafi daraja a duniya. Wato dai ƙasa ta taɓa yin doka sukutum a kan kashin tsuntsu. Nijeriya ma ta taɓa shiga wannan harka, sai dai a matsayin mai cika rumbun wasu: a shekarun 1950 ita ce kan gaba a duniya wajen fitar da kolombait daga tsaunukan Jos, lokacin da Amurka ke saye tana tarawa saboda bukatun yaƙi.

Sinadarin da ba ya tashi sama

Ɗalibin da ya karanta ilimin halittu ya san fosfaras, sinadarin da ke cikin fosfet, ko da bai taɓa ganinsa da ido ba. Wani Bajamushe mai suna Hennig Brand ne ya fara ware shi a birnin Hambug a 1669, yana dafa fitsari da fatan zai samu zinariya. Zinariya ba ta samu ba, amma abin da ya samu ya fi ta amfani ga mai rai. Fosfet ne ginshiƙin zaren gado na DNA da ke cikin kowace ƙwayar halitta. Shi ne a cikin ATP, wato ƙwayar da ke ɗaukar kuzari daga abinci ta kai shi inda za a yi aiki, ko a damtsen ɗan kokawa ko a saiwar gero. Yana cikin tantanin da ya lulluɓe kowace ƙwayar halitta. Kimanin kashi 1 cikin 100 na nauyin mutum fosfaras ne, kuma wajen kashi 85 na wannan yana cikin ƙashi da haƙora. Mutum mai nauyin kilo 70 yana yawo da fiye da rabin kilo nasa.

Tsiro na bukatar manyan sinadarai uku daga ƙasa, waɗanda ake rubuta harufansu a jikin buhun kamfa: N, wato naitirojin, da P, wato fosfaras, da K, wato fotasiyam. Naitirojin ba shi da wuyar samu a ƙa'ida, domin kashi 78 cikin 100 na iskar da ake shaƙa shi ne. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a ƙullutun saiwar wake da gyaɗa suna kamo shi daga iska, masana'anta ma tana yin haka da iskar gas ta fitar da yuriya. Fosfaras kuwa ba ya zama iska ya zagayo. Daga dutse yake fita sannu a hankali ya shiga ƙasa, daga ƙasa ya shiga tsiro, daga tsiro ya shiga dabba da mutum. Wanda ruwa ya kwashe ya kai teku ba ya dawowa sai bayan miliyoyin shekaru. Duk buhun gero da ya bar gona ya tafi kasuwa ya tafi da wani ɓangare na fosfaras ɗin gonar, kuma in ba a mayar mata ba, sai ta yi ta ramewa.

Ƙasar noma ta yankin Sudan da Sahel tana daga cikin mafi ƙarancin fosfaras a duniya. Alamar rashinsa a bayyane take ga wanda ya san ta: masara ta tsumbure, gefen ganyenta ya yi launin shuni mai ja-ja, saiwa ta kasa yaɗuwa, amfani ya makara wajen nuna. Wake da gyaɗa ma ba su yin ƙullutun kirki sai da shi, saboda haka rashin fosfaras yakan jawo rashin naitirojin. Akwai ƙa'idar da ake jingina wa masani Justus von Liebig, wadda ta nuna cewa girman tsiro yana tsayawa ne daidai gwargwadon sinadarin da ya fi ƙaranci. Kwatancinsa shi ne tulun da ya huje a ciki: kome yawan ruwan da aka zuba, ba zai wuce hujin ba. Manomin da ya zuba yuriya zalla a gonar da ke yunwar fosfaras, irin wannan tulu yake cikawa.

Af, a nan ya kamata a gyara wani ruɗani da ke yawo a azuzuwa. Kanwar da ake jefawa a miya, wadda ake kira fotash a kasuwa, ba ita ce fotash ɗin taki ba. Kanwa gishirin sodiyam ce, fotash ɗin taki kuwa gishirin fotasiyam ne da ake haƙowa a Kanada da Rasha da Belarus.

Lokacin da Sakkwato take ƙarƙashin ruwa

Kimanin shekaru miliyan 70 zuwa miliyan 55 da suka wuce, wani reshen teku mara zurfi ya sha malalowa daga arewa, ya ratsa inda Sahara take a yau, ya kwanta a kan yankin da ya haɗa gabashin Mali da yammacin Nijar da arewa maso yammacin Nijeriya. Masana suna kiran wannan babban kwari Iyulamadan, da sunan wata ƙabilar Azbinawa, ɓangarensa na Nijeriya kuma shi ne kwarin Sakkwato. Duk lokacin da tekun ya zo ya koma, yakan bar shimfiɗar laka da yashi da ɓawon halittu, wata kan wata kamar an jera tabarmi. Masana sun raɗa wa shimfiɗun sunayen garuruwan da suka fi bayyana a cikinsu: Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina, Gwandu. Farfesa Cornelius Kogbe na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya yana daga cikin waɗanda suka yi aiki mai zurfi a kansu a shekarun 1970.

Shaidar wannan teku ba ta da iyaka. A 1930 W. E. Swinton ya wallafa bayanin ƙasusuwan dabbobi masu rarrafe da aka tono a lardin Sakkwato. A 1972 wasu masana daga Italiya suka raɗa wa wani ƙaton ƙadangaren teku suna Goronyosaurus, saboda a yankin Goronyo aka same shi. A 1975 kuma Beverly Halstead ya bayyana wani nau'in kada na teku ya kira shi Sokotosuchus. Sunayen garuruwan ƙasar Sakkwato sun shiga littattafan kimiyya na duniya ta wannan ƙofa, alhali ɗalibai da yawa a garuruwan ba su taɓa jin labarin ba.

Shimfiɗu biyu ne suka shafi wannan bayani. Ta Kalambaina dutsen farar ƙasa ce, cike da ɓawon katantanwa da sauran ƙananan halittun teku. Tana riƙe ruwa a cikin kofofinta, daga nan ne maɓuɓɓugan da ke ciyar da tafkin Kware suke samun nasu. A ƙarƙashinta akwai shimfiɗar Dange, laka ce mai sheƙa-sheƙa wadda ke ɗauke da jipsam da kuma dunƙule-dunƙulen fosfet, wasu kamar ƙwallon goriba, wasu ba su kai gyaɗa ba. Ana cin karo da su a yankunan Dange da Shuni da Wurno da Gwadabawa da Gada da Illela, sau da yawa a cikin ƙasar da maginan rijiya suka fitar.

Yadda dunƙulen suka samu aikin masu rai ne. Ƙananan tsirrai masu yawo a saman teku suna tsotse fosfet daga ruwa, kifaye su ci su, manyan dabbobi su ci kifayen. In sun mutu sai su nutse cikin lakar ƙasan teku inda iskar shaƙa ta yi ƙaranci. Bakteriya su ruɓar da su, fosfet ya fita ya haɗu da kalsiyam, ya riƙa daskarewa a jikin wani haƙorin kifi ko guntun ƙashi har ya zama dunƙule. Wasu dunƙulen ma kashin kifaye da kadoji ne da kansa ya zama dutse. Saboda haka ɗalibin da ya manta da lanƙwasar harafi, ya rubuta kashi a maimakon ƙashi, a wannan darasi kaɗai bai faɗi ba, domin fosfet ɗin Sakkwato daga duka biyun ya fito. Awon da aka yi wa dunƙulen ya nuna da yawansu suna ɗauke da fiye da kashi 30 cikin 100 na sinadarin da ake auna ingancin fosfet da shi, wanda ya sa suka yi kafaɗa da kafaɗa da dutsen da ake cinikinsa a kasuwar duniya.

Siminti ya samu gata

Ma'adinan da ke cikin waɗannan shimfiɗu biyu maƙwabtan juna ne, amma rabonsu a hannun gwamnati ya sha bamban. An kafa Kamfanin Siminti na Arewacin Nijeriya a 1962, ya fara aiki a Kalambaina a 1967 da ƙarfin tan 100,000 a shekara, aka ƙara masa sabon layi mai tan 500,000 a 1985. Duk da haka ƙasar ta ci gaba da dogaro da simintin waje. Dattawa suna tuna 1975, lokacin da ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da siminti suka yi cirko-cirko a tashar Legas wata da watanni, har simintin wasu ya daskare a cikinsu.

A 2002 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta fito da wata manufa mai sauƙin fahimta: ba za a ba ɗan kasuwa izinin shigo da siminti ba sai ya nuna cewa yana zuba jari wajen gina masana'anta a gida. Cikin shekaru goma sha kaɗan Nijeriya ta tashi daga mai saye ta koma mai wadatar da kanta, har tana sayar wa maƙwabta. A Kalambaina, bayan masana'antar ta koma hannun kamfanin BUA, an buɗe layi mai tan miliyan 1.5 a 2018, da wani mai tan miliyan 3 a 2022. Jipsam ɗin Dange shi ma ya samu kasuwa a gindin siminti, domin akan haɗa kashi 3 zuwa 5 nasa don kada kwaɓin ya yi saurin daskarewa a hannun magini, kuma mutanen ƙauye sun daɗe suna tono shi da hannu suna sayarwa.

Sai dai mai gini a Mabera ko Arkilla zai ce wadatar ba ta sa buhu ya yi araha ba, kuma yana da gaskiya. Kamfanoni uku ne suka riƙe kusan duk kasuwar. Manufar ta tabbatar da cewa akwai siminti a ƙasa, batun farashi kuwa wata magana ce dabam da ba ta warware ba.

Fosfet ya zama maraya

Tarihin fosfet ya bi wata hanya. Gwamnatin Tarayya ta gina masana'antar takin sufa a Kaduna, ta fara aiki a 1976 da ƙarfin tan 100,000 a shekara. Dutsen da take niƙawa daga Togo ake kawo shi. Masana'antar ta yi ta tangal-tangal har aka sayar wa 'yan kasuwa a 2005. An kafa Hukumar Bincike da Bunƙasa Albarkatun Masana'antu a 1987, aka kafa ma'aikatar ma'adinai ta musamman a 1995, aka yi Dokar Ma'adinai da Haƙarsu a 2007. Da gwamnati ta zo zaɓen ma'adinai bakwai da za ta ba fifiko, sai ta lissafa kwal, da kwalta, da dutsen farar ƙasa, da tama, da barait, da zinariya, da dalma haɗe da tutiya. Fosfet bai samu shiga ba, a ƙasar da noma ne sana'ar mafi yawan jama'arta, kuma a babban birninta ne shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2006 cewa za su ɗaga yawan takin da ake sa wa kowace hekta daga kilo 8 zuwa kilo 50.

Hanyar da aka zaɓa ita ce ta ƙulla zumunci da mai shi. Maroko ce ke da kimanin kashi 70 cikin 100 na fosfet ɗin da aka tabbatar da shi a duniya. Da Sarki Muhammad na Shida ya ziyarci Abuja a Disamba 2016, aka ƙulla yarjejeniya tsakanin kamfanin OCP na Maroko da ƙungiyar masu haɗa taki ta Nijeriya, daga nan shirin taki na shugaban ƙasa ya tashi. Tsarin shi ne a samo yuriya da garin farar ƙasa a gida, a sayo fosfet daga Maroko, a sayo fotash daga Turai, a haɗa su a masana'antun cikin gida. A 2017 an sayar da buhun kamfa a kan Naira 5,500, kuma masana'antun haɗa taki da dama da suka durƙushe sun farfaɗo. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba daidai ba ne a raina shi.

Amma kwanon aro ba ya kwana a gidan mai biki. A 2008 farashin dutsen fosfet a kasuwar duniya ya ninka kusan sau takwas cikin ɗan lokaci. A ƙarshen 2021 Sin ta taƙaita fitar da takin fosfet don ta kare manomanta. A 2022 yaƙin Rasha da Yukiren ya toshe hanyar fotash, sai da Nijeriya ta yi gaggawar nemo shi daga Kanada, farashin buhu kuwa ya ninka na 2017 sau da dama. A wannan shekarar ce aka buɗe masana'antar yuriya ta Dangote a Legas mai ƙarfin tan miliyan 3, wato dai harafin N ya tsaya da ƙafarsa, amma P da K suna jiran jirgi. Ga kuma sabon mai neman fosfet ya shigo kasuwa: batirin litiyam da ƙarfe da fosfet, wanda ake sa wa a motocin lantarki da na'urorin hasken rana. Manomin Gwadabawa yanzu yana takarar sinadari ɗaya da masu ƙera motoci a Sin.

Tun daga 2023 ma'aikatar ma'adinai ƙarƙashin minista Dele Alake ta ƙara matsa lamba cewa duk mai neman lasisi ya zo da shirin sarrafa abin da ya haƙo a cikin ƙasa. An soke lasisi 1,633 a Nuwamba 2023, an ƙaddamar da dakarun tsaron ma'adinai a 2024, aka kuma buɗe masana'antar sarrafa litiyam a jihar Nasarawa a wannan shekara. Hankali dai ya fi karkata ga litiyam da zinariya, masu kawo kuɗin waje. Ma'adinin da ke kawo tuwo bai cika shiga jawabi ba.

Me ya hana a haƙa?

Adalci ne a faɗi cewa ba sakaci kaɗai ba ne. Dutsen Kalambaina shimfiɗa ce mai kauri kusa da saman ƙasa, katafila na iya kwasarsa kai tsaye. Fosfet ɗin Dange kuwa dunƙule ne warwatse cikin laka, a siraran layuka, sai an kwashe ƙasa mai yawa kafin a tara tan ɗaya. Kafin mai jari ya sa kuɗinsa, sai an yi ta huda ƙasa ana auna yawan abin da ke ciki da zurfinsa, kuma a ko'ina cikin duniya irin wannan bincike na farko gwamnati ce ke ɗaukar nauyinsa. Bugu da ƙari, dutsen fosfet ba ya narkewa a ruwa yadda saiwa za ta sha. Tun 1842 John Bennet Lawes na Ingila ya gano cewa sai an jiƙa shi da asid ɗin farar wuta, irin ruwan batirin mota, kafin ya zama sufa. Ke nan mai son masana'anta a Sakkwato sai ya tanadi farar wuta, da lantarki, da ruwa mai yawa, a jihar da layin dogo bai taɓa isowa ba, ya tsaya a Ƙauran Namoda. Ga kuma rashin tsaro da ya addabi gabashin jihar shekarun nan.

Akwai kuma batun iko. Sashe na 44(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa. Manomi yana da gonarsa, amma abin da ke ƙasan gonar ba nasa ba ne, ba kuma na jiharsa ba. Daga Abuja ake ba da lasisi, ko da yake dokar 2007 ta wajabta wa kamfani ya ƙulla yarjejeniyar raya ƙasa da al'ummar wurin kafin ya fara aiki. Abin da kan faru in haƙa ta riga doka isa wuri, maƙwabciya Zamfara ta gan shi a 2010, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Fosfet ba dalma ba ne, amma dutsen fosfet na teku yakan zo da ɗan burbushin kadmiyam da yuraniyam, don haka wajibi ne a auna kowane rami kafin a kai garinsa gonar abinci.

Taimakon ƙananan halittu

Ba dole sai da babbar masana'anta ake cin moriyar dunƙulen ba. Ana iya niƙe su lukui a watsa a gona kai tsaye. Nijar ta gwada haka da fosfet ɗin Tawa tsakanin shekarun 1970 da 1980, Mali ma ta yi da na kwarin Tilemsi. A Nijeriya, masu bincike a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da wasu jami'o'i sun gwada garin dutsen Sakkwato, kuma abin da gwaje-gwaje irin waɗannan suke nunawa shi ne ya fi aiki a ƙasa mai tsami da isasshen danshi, kuma amfaninsa a hankali yake fitowa, har ya kai damina ta biyu da ta uku. Manomin da ke neman sakamako a bana shi ya sa ba ya ɗokinsa, ga shi garin yana da ƙura, iska na kwashe shi.

A nan ne ilimin halittu yake da abin cewa. Akwai bakteriya irin su Bacillus da Pseudomonas, da fumfuna irin su Aspergillus, waɗanda ke fitar da asid mai sauƙi da ke narkar da fosfet. In aka cakuɗa garin dutsen da takin gargajiya a rami aka bar shi ya ruɓe, waɗannan halittu suna yin kaɗan daga aikin da farar wuta ke yi a masana'anta. Akwai kuma wata fumfuna da ke zama a jikin saiwa, ta miƙa zaruruwanta nesa cikin ƙasa ta jawo wa tsiro fosfaras, shi kuma ya biya ta da sukari. Sannan a cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai an inganta dabarar sa ɗan taki kaɗan, gwargwadon abin da yatsu uku za su ɗauka, a cikin ramin shuka maimakon watsa shi ko'ina, wadda ke sa buhu ɗaya ya yi aikin da ya fi ƙarfinsa a da.

Kakanni ma suna da tasu manufar, ko da ba a rubuce take ba. Jakunan da ke fita da mangalar taki daga birni zuwa gonakin kewaye, a Kano da Sakkwato, fosfaras ɗin da ya shigo gari cikin hatsi suke mayarwa inda ya fito. Yarjejeniyar manomi da makiyayi, ta a kwantar da shanu a gona bayan girbi, ita ma haka. Ƙasusuwan da ke taruwa a mahauta kuwa taki ne na fosfet in an ƙona an daka. Abin da Tarayyar Turai ta rubuta a doka da sunan sake sarrafa kayan da aka zubar, mai jaki ya riga ta aikatawa.

Malamin da ke son ɗalibansa su taɓa wannan darasi da hannu ba ya bukatar ɗakin gwaji mai tsada. A samo duwatsu daga bakin sabuwar rijiya ko wani kwazazzabo a yankin Dange ko Kware, a wanke su. Wanda aka ɗiga wa ruwan lemun tsami ya yi kumfa sosai, dutsen farar ƙasa ne. Mai walƙiya kamar gilashi wanda farce ke iya karta, jipsam ne. Dunƙule mai nauyi, mai launin toka ko ƙasa-ƙasa, wanda farce ba ya kartawa kuma kumfarsa ba ta taka kara ta karya ba, shi ake zaton fosfet ne, kuma in an fasa shi akan yi dace da haƙorin kifi a ciki. A daka irinsa lukui, a cika tukwane uku da ƙasar jigawa iri ɗaya: ta farko a bar ta haka nan, ta biyu a sa mata garin dutsen, ta uku a sa garin da aka ruɓar tare da takin dabbobi. Don gwajin ya yi adalci, a ƙara tukunya ta huɗu mai takin dabbobi zalla. A shuka wake a kowace, a riƙa ba su ruwa daidai wa daida, ɗalibai su riƙa auna tsawo duk mako suna rubutawa. Bayan mako shida a tuge, a wanke saiwar a hankali, a ƙirga ƙullutun da ke jikin kowace.